Idan tankar sinadari ta faɗi, a gudu ne ba kallo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani fili in yi magana kan wata ɗabi'a tamu da take cin rayuka. Da zarar tanka ta kife ko wani abu ya fara yoyo a masana'anta, sai kaga jama'a sun yi caa a wajen, wannan da wayarsa yana ɗaukar bidiyo, wancan ya taho da jarka, ba wanda ya tambaya menene ma a cikin tankar.

To wallahi ba kowace tanka ce ta fetur ba, kuma ko fetur ɗin ne, tururinsa kwanciya yake a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa. Akan samu allo mai ruwan goro a jikin irin motocin nan, lambar da ke ƙasan allon ita ke faɗin kayan da aka ɗauko: 1203 fetur, 1005 ammoniya, 1017 kuma kulorin. A hango daga nesa a faɗa wa 'yan kwana-kwana, ba sai an matsa kusa ba.

Kulorin ɗin nan shi ya kashe mutum 13 a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a Jodan a 2022, da tankinsa ya suɓuce daga kugiya, hayaƙi rawaya ya turnuƙe wajen. Ya fi iska nauyi fiye da ninki biyu, shi yasa yake bin kwari da kwalbati da duk inda yayi ƙasa, wanda ya ɓuya a rami ya kai kansa ne. A Bofal ta Indiya ma a Disambar 1984 iskar da ta fita daga kamfanin Union Carbide haka ta bi ƙasa cikin dare ta shiga gidaje mutane na barci, dubbai suka mutu.

Abin da ya fi komai, ka duba inda iska take kaɗawa, ko da ƙura ko tuta, ka ratsa ta gefe ka fita daga hanyar hayaƙin sannan ka nemi tudu, kar ka gudu iskar na bin bayanka. In ya riga ya rufe unguwa, shiga ɗaki, kulle ƙofa da taga, kashe fanka da AC, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda abin ya zuba masa kuwa, a cire kayan nan take, kuma kar a zare riga ta kai tunda zata goge ido da baki, a yanke ta da almakashi a ƙulle a leda. A yi ta zuba ruwa mai tsabta a jiki da ido aƙalla minti 15. In ya haɗiya, kar a sa shi amai, asid zai sake ƙona maƙogwaro wajen fitowa. Asibiti kai tsaye, ko da ya ce ya warware, domin kulorin yakan yi awanni kafin huhu ya tara ruwa.

Su kuma iyayenmu mata, a daina haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid wai don ya fi fita, kulorin ɗin ne dai ake haɗawa a banɗaki a rufe.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum