Barka da Kirsimeti daga Trenton

Baba da Mama,

Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara duka. Kuɗin da na turo ta hannun Yaya na shinkafa da kaji ne, don Allah kada Mama ta ɓoye su ta ce sai wata rana.

Da muka fito sujada wani abokin aikina ya ja ni bakin kogin Delaware, inda duk ranar Kirsimeti ake kwaikwayon ƙetarewar Janar Washington, jagoran sojojin Amurka a yaƙinsu na neman 'yanci daga Ingila. Baba, na san ku da son tarihi, to ga naku tsarabar.

A ƙarshen 1776 sojojin Ingila sun fatattake shi daga New York har Pennsylvania, hayin wannan kogin, ga shi wa'adin aikin yawancin mutanensa zai cika ranar 31 ga Disamba, kowa ya kama hanyar gida. Ganin ba sauran dabara ya sa ya yi kasada. Daren 25 ga wata ya loda mutum wajen 2,400 da igwa 18 a jiragen dakon ƙarfe da na fito, masuntan wani gari, Marblehead, na tuƙi, ƙanƙara tana dukan jiragen. Wasu rundunoni biyu da aka shirya su haye ta ƙasan kogin, ƙanƙarar ta hana su.

Ni da safar hannu biyu da jibgegiyar riga, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Sanyin Jos wasan yara ne. Sojojin Washington kuwa wasunsu tsumma suka naɗe ƙafa da shi, suka taka wajen kilomita 14 zuwa wannan garin da nake zaune. Misalin ƙarfe takwas na safe suka afka wa sojojin haya Jamusawa da Ingila ta ɗauko, suka kama kusan 900, kwamandansu Kanar Rall ya mutu da rauninsa.

Mutanen nan suna son cewa wai Jamusawan sun kwana shan giyar biki ne. Ban yarda ba, masana ma da yawa ba su yarda ba. Sintiri ya gajiyar da su, kuma wa zai zaci mai hankali zai fito cikin irin wannan hadari?

Idan an sami mai zuwa, a aiko mini da yaji da kuka, nawa sun ƙare tun watan jiya. Zan kira ranar Lahadi bayan kun dawo coci. A gaida Kawu da jiki.

Ɗanku mai kewarku