Wasiƙa daga Jos: kada ka bari a sauke injin tukuna

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ya zafin Legas? Mu nan hunturu ya kankama, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama.

Saƙonka ya iso, kuma hankalina bai kwanta ba da na ji bakanikenka na maganar sauke injin saboda motar tana mis, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai. Don Allah ka dakatar da shi. Irin wannan ya same ni watanni biyu da suka wuce. Ina dawowa daga Abuja, a Hawan Kibo, Corolla ɗina ta fara kakkarwa, ƙarfi ya tafi, da kyar na kai gida. Kwamfuta ta nuna P0303, wato silinda ta uku ce ke mis. Aka sauya fulogi, aka sauya kwayil, shiru. Wani yaro a gareji ya kwance fulogi ɗaya tak, injin a sanyaye, batir ya yi rauni, ya ɗaura gejin awon matsin iska a silinda ya ce ringi ya ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin makarantar yara ne a aljihuna.

Wani dattijon bakanike a wajen Dilimi ne ya sake awon, kuma shirin da ya yi kafin ya taɓa gejin shi nake so ka sa a yi maka a gabanka.

Ya bar motar a silo har ta ɗauki zafinta na aiki, saboda ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, ringi ya kama bangon silinda kamar yadda yake yi a kan hanya. Ya kashe, ya ɗan saurara, don kan injin na alminiyam ne, kwance fulogi da tsananin zafi na iya cinye zaren ramin. Ya hure ƙurar da ta taru a bakin ramukan. Ka san ƙurar hunturu; in ta faɗa ciki, ka je neman magani ka dawo da ciwo. Sannan ya fitar da fulogi huɗun duka, ya jera su bi da bi, na ukun kuwa ya fi sauran baƙi. Ya zare fiyus ɗin famfon mai da wayoyin kwayil, kada fetur ya wanke man da ke bangon silinda ko wuta ta yi tartsatsi. Batir ma sai da ya kawo cikakke.

Ni ya sa na zauna a ciki, na take totur har ƙasa don iska ta shiga sosai, na riƙa bugun kik yana ƙirga bugu biyar zuwa shida a kowace silinda. Uku sun tsaya kusa da 160, ta ukun ta ƙi wuce 95. Ya ce abin dubawa shi ne tazara: kada ta haura kashi 10 cikin 100 tsakaninsu. Ya zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, muka sake bugawa, allura ba ta ƙara komai ba. Da ringi ne, man zai toshe kafar lambar ta hau. Da kuma silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, gaskit za a zarga. Bawul ne ya ƙone. Kan injin kawai aka ɗaga.

Kada ka gwada lambobinka da nawa. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta da kauri, geji yakan nuna ƙasa da abin da zai nuna a wurinku da kimanin kashi goma.

In an yi awon, rubuta lambobin huɗu ka turo min ta WhatsApp, zan kai wa dattijon ya duba. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan auta. Dankalin da na yi maka alkawari yana nan, direba nake jira.

Naka har kullum,
Amininka na Jos