Karatun Lauya Tun Daga Aji Huɗu Ake Fara Nemansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da iyaye 'yan uwana mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, waɗanda 'ya'yansu ke burin zama lauyoyi.

Ni lauya ne, a Agege na tashi. Duk shekara da sakamakon JAMB ya fito sai iyaye su yi ta sallama: "Barista, yaron nan ya ci maki mai yawa amma ba a ba shi gurbin karatun lauya ba, ko ka san wani a ciki?" Sau da yawa ba hanya aka rasa ba. Ina buɗe takardar WAEC sai in ga babu Adabin Turanci. Yaro ya gudu daga darasin tun yana aji huɗu na sakandare, don wai karanta littattafai da waƙoƙin Turawa wahala ne, ba kuma wanda ya gaya masa cewa ya rufe wa kansa ƙofa. Jami'a ba za ta saurare shi ba, ko da makinsa ya haura 300.

Jami'ar Legas da ke Akoka ba ta duba wanda bai sa ta a zaɓin farko ba, kuma tana son kiredit biyar a zama ɗaya, ba haɗin WAEC da NECO ba. Lissafinta a fili yake: kashi 50 daga JAMB, 30 daga jarabawar tantancewa da take yi da kanta, 20 daga sakamakon sakandare. Wato C6 da A1 duk kiredit ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ga shi kuma majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi ta ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa dubbai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun asali. Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku: 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Yankin Jami'ar Legas shi ne jihohin Kudu maso Yamma. To yaron da aka haifa a Agege, yana jin Yarbanci kamar jakin Ibadan, ubansa na biyan haraji a Alausa, sakatariyar gwamnatin Legas, amma takarda ta ce ɗan Katsina ne ko Jigawa, ba ya cikin wannan kashi 35. A ganina wannan ba adalci ba ne. Sai dai kafin a gyara, mu ci moriyar kashi 20 ɗin, tunda galibin jihohinmu suna ciki. Wannan kuwa sai da takardar indijin daga ƙaramar hukuma, wadda yaranmu da dama ba su taɓa taka sakatariyarta ba. A je gida a karɓo tun da wuri, kada sai an buɗe shafin tantancewa a fara kiran kawu a waya.

Kada kuma a raina ABU Zariya da Bayero a Kano, inda ake koyar da dokokin ƙasa tare da shari'ar Musulunci. Yaron da ya yi Islamiyya da gaske, mai Larabci a kansa, yana da abin kamawa a can.

Masu hali da ke kai yara jami'o'in kuɗi, ku tambayi adadin da aka amince wa tsangayar kafin ku biya ko sisi. A 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas. Digirin shekara biyar ba ya sa mutum ya zama lauya sai ya ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a nan Igbosere a 1962, yanzu hedikwatarta na Bwari a Abuja, da reshe a Bagauda ta Kano. A wannan makaranta ana bincikar hali: satar jarabawa ko shiga ƙungiyar asiri na iya hana mutum sa baƙar riga da hular gashi.

A kuma daidaita suna tun yanzu. Idan NIN ta ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Mamman, to a gyara kafin a sayi fom ɗin JAMB.

Wassalam,
Wani lauya mazaunin Agege, Legas