A Ba Da Hayar Filin Tasha, Kada A Sayar Da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don in yi magana a kan tashoshin motarmu na karkara. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kazaure da Kano, iyalina kuma suna ƙauye.

Duk mai hawa motar haya ya san halin da tashoshin nan suke ciki. Da damina taɓo, da rani ƙura, babu makewayi na kirki, tsofaffi da mata masu goyo suna jiran mota ta cika a tsakiyar rana. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da tasha da kasuwa a wuyan ƙaramar hukuma, amma gyaran ya gagara. Don haka ni ina goyon bayan a kira ’yan kasuwa masu jari su gina tasha ta zamani, da rumfar fasinja da shaguna da gidajen haya a gefe, su ci ribarsu.

Abin da nake tsoro shi ne filin. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda kamfanin Mota-Engil yake yi ta Dambatta da Kazaure da Daura, kowa ya san ƙasar da ke kusa da tashar jirgi da ta mota za ta yi daraja. Idan aka sayar wa mutum ɗaya, ta fita daga hannun gari har jikokinmu. A ba da haya ta wasu shekaru sanannu, in wa’adi ya cika gini ya dawo hannun ƙaramar hukuma. A kuma karanta yarjejeniyar da Hausa a gaban hakimi da dagatai da shugabannin ƙungiyar direbobi kafin a sa hannu. Mun ga abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filin otal ɗin Daula da shagunan filin idi. Ba na yanke hukunci tsakanin tsohuwar gwamnati da sabuwa, amma ƙananan ’yan kasuwan da suka zuba jarinsu a shagunan sun ɗanɗana kuɗarsu. Yarjejeniyar da jama’a suka shaida tana da wuyar rushewa.

Batun gidaje kuwa, don Allah kada a kawo mana benaye irin na Abuja. Ciki da falo muke buƙata, da rijiyar burtsatse da hasken sola. Cikin fasinjojina akwai malaman makaranta da ma’aikatan asibiti da aka turo ƙauyukanmu, kullum sai sun koma birni saboda babu wurin kwana mai kyau, kuɗin mota yana cinye musu albashi. Su ya kamata a fara ba wa haya.

Haka masu tuwo da masu shayi da masu faci da ’yan kamasho da suka daɗe suna neman abinci a tashar. A rubuta sunayensu tun kafin a kawo bulo na farko, a ware musu shaguna a farashin da za su iya biya.

Ina kira ga ’yan majalisar dokokinmu na Jigawa da na Kano su sa waɗannan sharuɗɗa cikin doka kafin jirgin ya fara tsayawa a garuruwanmu.

Naku,
Wani direban motar haya,
Ƙaramar Hukumar Kazaure, Jihar Jigawa.