Wasiƙa zuwa ga aminina a kan ƙarancin gaggafa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini, cewa me ya sa gaggafa ta yi wuyar gani, alhali iyayenmu sun saba ganinta tana shawagi a kan gonaki.

A ganina, tushen matsalar yana cikin jinkirin hayayyafarta. Gaggafa ƙwai ɗaya tak take sakawa, kuma akwai shekarun da ba ta sakawa sam. Namiji da mace, waɗanda sukan zauna tare har mutuwa ta raba su, suna tara ƙirare su gina sheƙa a gwafar babbar bishiya, yawanci kusa da rafi, sannan su shimfiɗa ɗanyen ganye a ciki. Kwanci yakan ɗauki kimanin kwana 55, ɗan tsakon kuma ya shafe wata 3 zuwa 4 kafin ya tashi, bayan haka ma iyayen ne ke ciyar da shi na wasu watanni. Idan ka gan shi a lokacin ba za ka ce ɗan gaggafa ne ba, domin gashinsa ruwan ƙasa ne. Baƙin gashin nan da muka santa da shi, haɗe da jar fuska da jajayen ƙafafu da guntuwar wutsiya, ba ya kammala sai bayan shekara 7 zuwa 8.

To ka duba abin da ke faruwa idan makiyayi ya zuba guba a mushe domin ya kashe kura ko dila. Gaggafa tana da kaifin ido, sau da yawa takan riga ungulu sauka, don haka a wuni ɗaya sai a rasa tsuntsuwar da aka yi shekaru ana jiran balagarta. Ga kuma masu gawayi suna sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Wannan yana damuna ƙwarai. A 2020 ƙungiyar IUCN, wato ƙungiyar duniya mai kare halittu da muhallinsu, ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yanzu sai a gandun daji irin su Yankari a jihar Bauchi ake sa ran ganinta.

Roƙona shi ne, idan aka gano sheƙarta a wajenku, a hana yara hawa bishiyar, domin takan guje wa ƙwanta idan aka dame ta.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka