A riƙa yi mana bayanin takardar gwajin jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan 'yar takardar nan da ake miƙo mana a ɗakin gwaji, mu ninke mu jefa a jaka ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba.

Ni malamar makaranta ce, uwar 'ya'ya huɗu. Na kusa shekara ina fama da kasala. In na hau bene zuwa aji sai na tsaya na mayar da numfashi, zuciyata na dukan uku-uku. Gashina ya riƙa zubewa a mataji, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara da ban taɓa yi ba. Sau uku ina zuwa gwaji, sau uku ana cewa taifot da maleriya ne. In sha magani, a ƙara mini ruwa, in koma gidan jiya. Kowane zuwa akan duba PCV, wato awon yawan jini, a ce 37 ne, "Hajiya, jininki ya isa." A gida kuma kowa da shawararsa, mafi yawa dai in haɗa lemon malt da madarar gwangwani.

A karo na huɗu Allah ya haɗa ni da wata likita mai haƙuri. Kafin ta taɓa biro sai da ta tambaye ni kwana nawa nake yi ina al'ada, sau nawa nake canza ƙunzugu, ko jinin na zuwa guda-guda. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma kunya ba ta bari na faɗa ba. Ta rubuta cikakken gwajin jini da wani wai shi feritin. Sakamako ya fito: himoglobin 12.2, MCV 78, feritin 7.

Bayaninta ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ta ce in ɗauki himoglobin a matsayin tuwon da ke cikin akushi, feritin kuwa hatsin da ke rumbu. Gida zai iya ci gaba da tuƙa tuwo alhali rumbu ya kusa ƙarewa. Jiki yakan cinye ajiyarsa ta sinadarin ƙarfe tukuna, sai daga baya jinin ya sauka, kuma tun a wannan tsakanin mutum na iya jin gajiya. Watau masu cewa jinina ya isa ba ƙarya suka yi ba, akushi kawai suka leƙa.

Ga lambobin, don mai irin wannan takarda ya ɗauko ya duba. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa ƙarancin jini idan himoglobin, wanda ake rubutawa Hb, ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu. PCV ɗin da muka saba ji kusan ninki uku ne na wannan lamba. Feritin ƙasa da 15 ga babba na nuna rumbu ya ƙare, likitoci da dama ma sukan fara magani tun daga ƙasa da 30. Sai dai feritin na da wata ɗabi'a: zazzaɓi ko kumburi a jiki kan ɗaga shi. Wanda aka gwada yana cikin maleriya zai iya ganin lamba mai kyau alhali ba ajiya, shi ya sa hukumar ta ɗaga ma'aunin zuwa 70 ga babban da ke ɗauke da cuta.

MCV kuwa girman jajayen ƙwayoyin jini ne, daidansa tsakanin 80 da 100. In ƙwayoyin sun ƙanƙance, galibi ƙarfe ne ya gaza. In sun yi manya, a duba bitamin B12 da folik asid. In duka biyun suka gaza a lokaci guda, lambar na iya zama a tsakiya ta ruɗi mai kallo. Wannan B12 ya dame ni ƙwarai, domin mahaifiyata ta daɗe tana shan metformin saboda ciwon suga, ƙafafunta na dindiris, muna ta dangana abin ga sugan. Ashe daɗewa kan wannan magani na rage B12, haka ma maganin gyambon ciki irin su omeprazole. Daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, ba daga ganye ba, ga shi nama ya yi wa talaka tsada. Haɗarin shi ne, mai ƙarancin B12 in ya sha folik asid kaɗai, jininsa zai gyaru a takarda amma jijiyoyi su ci gaba da lalacewa.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne tambayar ina jinin ke tafiya. Zuba ruwa a tulu mai yoyo wahalar banza ce. Nawa al'ada ce mai yawa, aka yi mini maganinta. Wata haihuwa ce kusa-kusa. Wani tsutsar ciki ce, ko tsargiya ga masu shiga fadama da rafi, ko basir mai jini, ko gyambon ciki. 'Yan'uwanmu masu aikin ƙarfi da ke haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum don ciwon jiki su sani waɗannan na iya sa ciki ya riƙa tsiyayar da jini a ɓoye. Namiji baligi ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, lallai a binciki ciki da hanji, don wani lokaci ita ce alamar farko ta ciwon daji. Kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis ba za ta amsa wannan tambaya ba. Masu sikila kuma kada su sha ƙarfe sai an gwada likita ya ce, musamman waɗanda ake yawan ƙara wa jini, domin su yawansa ne ke cutar da su.

Ko shan maganin ma yana son bayani. Da shayi na fara haɗiyar ƙwayata, sai likitar ta hana, ta ce shayi da madara na tare shigar ƙarfe, in sha da ruwa ko lemon zaƙi, in ba da tazarar awa biyu. Ta gaya mini bahaya zai yi baƙi, kada in tsorata. Ta ce ko jini ya dawo daidai in ci gaba har wata uku don rumbu ya cika, sannan in ɓoye kwalbar daga yara, don guba ce gare su in sun sha da yawa.

Ba ina cewa kowace gajiya ƙarfe ba ne; akwai suga, ciwon maƙoƙo, rashin barci da damuwa. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. Abu mai yawa haka bai kamata ya tsaya a Turancin takarda ba.

Roƙona gare ka, Edita, ka buga hoton irin wannan takarda a shafin lafiya, ka sa likita ya bi ta layi-layi da Hausa. Hukumomin lafiya kuma su duba tsadar gwajin feritin da rashinsa a ƙananan asibitoci. Ni dai bayan wata huɗu feritin ɗina ya koma 41, ina hawa benen nan ba tsayawa. Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan raka ƙanwata, wadda ke cin farar ƙasa tun da ta haihu, ita ma a yi mata wannan gwaji.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya