Barka da Sallah daga bakin Atlantika

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Baba, kun tambaya a waya ko da gaske ne ana ganin lafiyar teku daga sama. Da gaske ne.

A saman ruwan teku akwai tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, dangin gansakukar kududdufi. Su ne tushen abincin kifi, kuma kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa daga gare su take. Sinadarin klorofil da ke jikinsu yana shanye shuɗin haske ya bar kore. Ruwan da ya yi shuɗi shar ba su da yawa a cikinsa, wanda ya karkata zuwa kore kuwa sun yi yawa. Wannan bambancin launin tauraron ɗan'adam ke aunawa. An fara da na'urar CZCS a 1978, sai SeaWiFS daga 1997 zuwa 2010, sai MODIS a kan tauraron Aqua tun 2002. A Fabrairun 2024 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba tauraron PACE.

Wahalar aikin ita ce, kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke isa na'ura iskar sararin sama ce ta mayar da shi, bai taɓa ruwa ba. Dole a cire shi kafin a soma lissafi. A nan ne hazon gida ke shigowa. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke rufe muku rana, ita ma shuɗin haske take shanyewa. Idan ba a lura ba, sai lissafi ya nuna tsirrai inda babu su. Kuma ƙurar nan in ta sauka a teku, sinadarin ƙarfen da ke cikinta taki ne ga tsirran. Rarrabe waɗannan biyu shi ne abin da ya fi cin ƙarfin masu aikin.

Na'urar kanta tana dusashewa da shekaru. Shi ya sa a shekarun da SeaWiFS ta yi tana aiki, duk wata akan juya ta ta kalli farin wata, tunda fuskarsa ba ta canzawa, a gyara awon da shi. Akwai kuma ma'auni da ke girke cikin teku kusa da Hawai da ake gwadawa da shi.

Wani bincike na 2023 da ya duba bayanan shekara 20 ya gano launin kashi 56 cikin 100 na teku ya sauya, yankunan zafi sun ƙara kore. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, domin abincin miliyoyin masunta a kan tsirran nan ya rataya.

Inna, goron Sallah yana hanya. A gaida Yaya da yara, da duk mutanen gida.

Naku,
ɗanku